Man CBD na kantin kayan lafiya: na saya, na ɗanɗana, amma ba zan ba mai shanyewar jiki ba

Kwalbar ƙarama ce, mililita 10, ta gilashi mai duhu, da murfi mai robar ɗiga magani. A jikinta an rubuta cewa akwai miligiram 1000 na CBD a ciki, an narkar da shi a man kwakwa. Fam arba'in da 'yan kai na biya a wani kantin sayar da bitamin da ganyayyakin shayi a garin da nake zaune a arewacin Ingila, inda nake aikin jinya a ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki. CBD ɗaya ne daga cikin sinadaran da ake tatsa daga ganyen wiwi, amma ba shi ne mai bugarwa ba. Mai sa maye sunansa THC. A nan ƙasar doka ta yarda a sayar da CBD a matsayin ƙarin abinci, shi ya sa za ka gan shi a kan kanta kusa da man kifi da zuma.

Hukuncina tun daga farko: a matsayin kayan kanti ba shi da wani babban aibu, a matsayin maganin shanyewar jiki kuwa ba zan ba shi ko maki ɗaya ba. Dalilan suna da ɗan tsawo, domin maganar da ake yaɗawa a kansa ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Akwai ilimi na gaske a ƙarƙashinta, kuma wannan ne ya sa take da wuyar ƙaryatawa.

Abin da ya kai ni kantin shi ne saƙon Yayata daga Kano. Baffanmu ya samu shanyewar hannu da ƙafar dama watannin baya, maganarsa ma ta yi nauyi. Wani ya turo mata bidiyo a WhatsApp, ana cewa gwamnatin Amurka da kanta ta yi rajistar mallakar man wiwi a matsayin mai kare ƙwaƙwalwa, likitoci ne kawai ke ɓoyewa. Ta ce mini, "Ke da kike can inda ake sayarwa, don Allah ki taimaka ki aiko wa Baffa, ko nawa ne za mu haɗa." Na ce mata, "Yaya, ki bari in je in gan shi da idona tukuna." Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa zai kama, kuma ni ma Baffana ne.

Kantin yana da tsabta, kuma yarinyar da ke kan kanta ta burge ni. Na tambaye ta kai tsaye ko man yana taimaka wa wanda ya samu shanyewar jiki. Ta ce ba a yarda su ce yana maganin kowace cuta ba, in akwai mara lafiya a tuntuɓi likitansa. Gaskiya ta faɗa, domin tun 2016 hukumar kula da magunguna ta Birtaniya ta bayyana cewa duk wanda zai tallata CBD da sunan magani sai ya nemi lasisin magani. A jikin kwalin ma babu kalmar ƙwaƙwalwa ko jijiya ko ɗaya. "Natsuwa" da "daidaito" kawai aka rubuta, da hoton ganye. Wato iƙirarin ba daga bakin mai kanti yake fitowa ba, a wayoyinmu yake yawo, kwalbar kuma tana cin moriyarsa a ɓoye.

Man ruwan zinare ne mai ɗan kore. Yana da ɗaci da ƙamshin ɗanyar ciyawa, kuma yana daɗewa a maƙogwaro. Umarnin ya ce a ɗiga a ƙarƙashin harshe a riƙe kamar minti ɗaya kafin a haɗiye. Na fara duba cewa babu barasa a cikin kayan haɗin, sannan na gwada da daddare bayan na taso daga aiki. Ban ji maye ba, ban kuma ji wani sauyi da zan iya rantsuwa a kai ba. Robar ɗigawar ba ta da layin awo, wannan kuwa nakasu ne babba ga abin da ake ƙirga shi da miligiram. Akwai alamar da ake haskawa da waya a ga takardar gwajin ɗakin bincike. Na haska, takardar ta fito, amma lambar rukunin da ke jikinta ba ita ce ta kwalbata ba. Wannan ya dame ni, saboda a 2017 wasu masu bincike a Amurka sun sayi kayan CBD guda 84 ta intanet suka auna, suka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku ne kacal adadin da aka rubuta ya yi daidai da abin da ke ciki, kuma sun sami THC a cikin 18 daga cikinsu.

To, ina maganar kare ƙwaƙwalwa ta samo asali?

Mafi yawan shanyewar jiki na faruwa ne idan gudan jini ya toshe jijiyar da ke kai jini wani sashe na ƙwaƙwalwa. Ka ɗauke shi kamar lambu a fadama da aka datse wa hanyar ruwa. Tsakiyar da ruwa ya yanke gaba ɗaya takan mutu cikin mintuna, gefen da ke samun 'yar laima daga maƙwabta kuwa yakan yi yaushi ne kawai, kuma ana iya ceto shi in ruwa ya dawo da wuri. Duk gudun da muke yi a asibiti saboda wannan gefen ne. Abin da ke kashe shi ba rashin iskar oksijin kaɗai ba ne. Ƙwayoyin jijiya idan suka rasa ƙarfi sai su riƙa zubar da wani sinadarin aika saƙo mai suna gulutamet babu ƙaƙƙautawa. Shi kuma ya buɗe ƙofofin maƙwabtan ƙwayoyi, kalsiyam ya kwarara ciki fiye da kima, ya tada abubuwan da ke narkar da ƙwayar daga ciki. Bayan sa'o'i zuwa kwanaki sai kumburi ya biyo baya, dakarun garkuwar jiki su taru a wurin, su share matattun ƙwayoyi, su kuma taɓa masu sauran rai.

A nan ne labarin wiwi ya shigo, kuma labari ne da nake jin daɗinsa ƙwarai, domin yana nuna hikimar halittar ɗan Adam. A 1964 Raphael Mechoulam da Yechiel Gaoni a Isra'ila suka ware THC suka gano tsarinsa. Aka daɗe ana tambayar ta yaya yake aiki a jiki, sai a 1988 Allyn Howlett da William Devane a Amurka suka nuna cewa ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna da wasu makarɓai na musamman, wato wurare a jikin ƙwayar da ke karɓar irin wannan sinadari. Aka sa musu suna CB1, aka gano tsarin halittarsu a 1990. A 1993 Sean Munro da abokan aikinsa a Kambirij suka gano na biyu, CB2, wanda ya fi yawa a ƙwayoyin garkuwar jiki. Allah bai halicci waɗannan makarɓai don tabar wiwi ba. Jiki yana haɗa nasa sinadaran da ke kama su: an gano anandamayid a 1992, sannan 2-AG a 1995.

Yadda CB1 ke aiki shi ne abin da ya sa masana suka yi zumuɗi. A al'ada saƙo daga ƙwaya ta farko yake tafiya zuwa ta biyu. Amma idan ta biyu ta ji saƙon ya yi mata yawa, kalsiyam ya hau a cikinta, sai nan take ta haɗa 2-AG ta tura shi baya. Ya je ya kama CB1 a bakin ƙwaya ta farko, ita kuma ta rage sakin gulutamet. Wato jiki yana da hanyarsa ta rage ainihin ambaliyar da ke kashe ƙwayoyi lokacin da jini ya yanke. An kuma lura cewa waɗannan sinadarai suna ƙaruwa a ƙwaƙwalwar dabba bayan rauni. CB2 kuma yana ƙaruwa a wurin da ya lalace, musamman a jikin maikurogiliya, ƙwayoyin garkuwa na cikin ƙwaƙwalwa, kuma idan aka motsa shi kumburi yakan ragu, fararen ƙwayoyin jini su rage maƙalewa a bangon jijiyoyi.

Gwaje-gwajen ɓeraye sun goyi bayan haka. A 1999 an nuna cewa wani sinadarin da aka haɗa a ɗakin bincike mai motsa CB1 ya rage girman ɓarnar a ɓerayen da aka toshe wa jijiyar ƙwaƙwalwa. A 2001 ƙungiyar Mechoulam da Esther Shohami ta nuna cewa 2-AG ya rage kumburin ƙwaƙwalwa a ɓerayen da suka samu rauni a ka. A 2002 aka ga cewa ɓerayen da aka halitta ba su da CB1 sun fi lalacewa da mutuwa bayan toshewar jijiya. Ita kuma takardar mallakar da ke cikin bidiyon Yaya gaskiya ce: lambarta 6,630,507, an ba ma'aikatar lafiya ta Amurka ita a 2003, bisa aikin da Aidan Hampson da Julius Axelrod da abokansu suka wallafa a 1998. Sai dai a kan ƙwayoyin ƙwaƙwalwar ɓera da aka raina a faranti aka yi wancan aikin. Kuma takardar mallaka kariya ce ga wanda ya ƙirƙiro tunani don kada wani ya kwashe ribarsa, ba shaidar cewa abin ya warkar da mutum ba ce. Ba a ɓoye ta ba, kowa na iya karanta ta a intanet.

Yanzu ga inda kwalbata ta rabu da wannan ilimi. Abu na farko, CBD ba ya kama CB1 ko CB2 da ƙarfi. A aikin 1998 ɗin ma, kariyar da aka gani ba ta waɗannan makarɓai ta bi ba, ta hanyar kashe gurɓatattun sinadaran oksijin ta zo. Wasu masu bincike a Japan daga baya sun danganta tasirinsa a ɓeraye da wani makarɓi na serotonin, wani sinadarin aika saƙo na daban a ƙwaƙwalwa. Saboda haka duk wanda ya karanto maka bayanin CB1 sannan ya miƙo maka man CBD, ya haɗa maka abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Abin da ke kama CB1 sosai shi ne THC, mai bugarwar, da 'yan uwansa na ɗakin bincike.

Shi ma CB1 ɗin ba alheri zalla ba ne. Yana nan a bakin ƙwayoyin da ke sakin GABA, sinadarin da ke kwantar da ƙwaƙwalwa, don haka motsa shi na iya rage mai kwantarwar kamar yadda yake rage mai tayarwar. Yana kuma saukar da hawan jini, abin da ba kullum ake so ba a sa'o'in farko, lokacin da gefen da ya yi yaushi yake dogaro da ɗan jinin da ke isa gare shi. Wani ɓangare na kariyar da aka gani a ɓeraye ma daga saukar zafin jiki ya zo, domin idan aka ɗumama dabbar amfanin yakan ragu. Har akwai gwaje-gwajen da aka toshe CB1 maimakon a motsa shi, kuma ɓarnar ta ragu. Abin ya danganta da adadi da lokaci da irin dabbar.

Lokaci kuwa shi ne abin da ya fi taɓa ni a matsayina na mai aiki a wannan ɗaki. A gwajin ɓera, da allura ake ba da sinadarin, kafin a toshe jijiyar ko cikin mintuna zuwa 'yan sa'o'i bayan haka. Ɓerayen matasa ne, ba su da hawan jini na shekara ashirin, ba su da ciwon suga. Baffa ya haura saba'in, kuma watanni sun wuce. Ambaliyar gulutamet ɗin da ake son tarewa ta zo ta wuce tun a ranar farko. Ko da man yana yin duk abin da ake faɗa, ba zai tarar da abin da zai kare ba.

Sai lissafin adadi. Ɗigo ɗaya na wannan kwalba kusan miligiram 5 ne. A watan Oktoba na 2023 hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ta rage abin da take ba baligi mai lafiya shawarar sha a rana daga miligiram 70 zuwa 10, saboda fargabar illa ga hanta idan aka daɗe ana sha. Ɗigo biyu ke nan. Akwai CBD na asibiti na gaske, Epidiolex, wanda Amurka ta amince da shi a 2018 don wasu nau'o'in farfaɗiya masu tsanani da ke kama yara. Shi ana ba da miligiram 10 zuwa 20 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, ana kuma bin lafiyar hanta da gwajin jini. A wannan awon, mutum mai kilo 70 zai shanye kwalbata kafin kwana biyu su cika. Ɗigo biyu bai kai awon magani ba, awon magani kuma ba abin da za a yi a gida ba ne ba tare da likita ba.

Tarihin gwaji a kan mutane ma ya kamata ya sa mu taka a hankali. Deksanabinol, wani sinadari ɗan gidan wiwi da ya yi fice a dabbobi, an gwada shi a kan mutum sama da 800 masu mummunan rauni a ka, sakamakon ya fito a 2006: bai fi allurar da babu magani a ciki ba. Rimonabant, mai toshe CB1, an sayar da shi a Turai don rage ƙiba, aka janye shi a 2008 saboda yana jawo baƙin ciki mai tsanani da tunanin kashe kai. A 2016 a garin Rennes na Faransa mutum ɗaya ya rasu, wasu suka samu rauni a ƙwaƙwalwa, a gwajin wani magani da aka tsara don ƙara yawan anandamayid a jiki. Wannan ba matsalar wiwi kaɗai ba ce. Wani nazari na 2006 ya ƙirga hanyoyin magani 1,026 da aka gwada don shanyewar jiki, galibinsu a dabbobi, kuma kusan duk masu "kare ƙwaƙwalwa" da suka kai ga mutane sun faɗi. A ƙa'idojin kula da shanyewar jiki da muke aiki da su a asibiti babu CBD ko wani ɗan uwansa.

Abin da ya sa na ce a'a da babbar murya shi ne magungunan da Baffa ke sha. Yana kan kulopidogirel, maganin hana jini gudaji, wanda ba ya aiki sai hanta ta sarrafa shi ta hanyar wani sinadarinta mai suna CYP2C19. CBD yana danne wannan sinadarin, don haka akwai fargabar ya raunana maganin da ke tsare Baffa daga sake samun shanyewar jiki. Masu shan wafarin kuma, wani maganin hana jini gudaji, an samu waɗanda jininsu ya tsinke fiye da kima bayan sun fara CBD. Ga kuma doka: wiwi haramtacce ne a Najeriya, hukumar NDLEA ce ke farautarsa, kuma kwalbar da takardar gwajinta ba ta dace da lambarta ba, ba zan iya ba da tabbacin babu THC a cikinta ba. Ba zan jefa wanda zai je karɓar saƙo cikin wannan ba. Ga samarinmu da za su ji "wiwi na kare ƙwaƙwalwa" su ɗauka lasisin zuƙa ne, su sani wani babban nazari na Amurka da ya fito a 2024 ya sami masu shan ta kullum da ƙarin haɗarin shanyewar jiki na kusan kashi 42 cikin ɗari.

Abin da ke ceto gefen da ya yi yaushi mun san shi, ina kuma ganinsa da idona. An kiyasta cewa a babban toshewa ana asarar ƙwayoyin jijiya kusan miliyan 1.9 a kowane minti. Allurar narkar da gudan jini galibi ana yin ta ne cikin sa'o'i huɗu da rabi da farawar ciwon, bayan hoton ƙwaƙwalwa na CT ya tabbatar ba fashewar jijiya ba ce. Tun 2015 kuma an tabbatar da amfanin zaro gudan jinin da siririyar waya ta cikin jijiya. Na ga mutanen da suka shigo baki a karkace, hannu a sake, suka fita suna sa hannu a takardar sallama da kansu. Na san ba kowane asibiti a gida ke da waɗannan ba, wannan ma wani ciwon ne da ke cina. Amma hoton CT ɗin kansa yana da muhimmanci, domin binciken SIREN da Farfesa Mayowa Owolabi ya jagoranta a Najeriya da Gana, har da asibitocin Kano da Zariya, ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shanyewar jiki a wajenmu fashewar jijiya ce ba toshewa ba, kuma hawan jini ne babban mai laifi da tazara mai nisa. Bai wa mai fashewar jijiya asfirin a gida kafin hoto na iya ƙara masa zubar jinin.

Da na yi wa Yaya bayani ta yi shiru, sannan ta ce, "To yanzu babu abin da za mu yi ke nan?" Na ce akwai da yawa. Kuɗin kwalba ɗaya ya isa a sayi na'urar awon hawan jini mai kyau ta ɗamtse, har a yi canji. Ita na aika, da littafin rubuta awo safe da yamma. Sauran kuɗin da suka haɗa na ce a zuba su a gashin ƙashi, domin ƙwaƙwalwa tana koyon sababbin hanyoyi ne ta maimaita motsi, kuma watannin farko ne suka fi albarka. A rage gishiri da dunƙulen miya a abincin Baffa, kada a tsallake maganin hawan jini ko da ya ce ya ji sauƙi, a kuma riƙa sa shi hira ko da kalmomin na fita da ƙyar.

Ga mai lafiya da ke zaune a ƙasar da doka ta yarda, ba ya shan wani magani, ba mai ciki ko shayarwa ba, kuma yana son gwada man don kansa, shawarata ya nemi wanda lambar kwalba ta dace da ta takardar gwaji, mai robar ɗigawa da layin awo, kada ya wuce miligiram 10 a rana. Wannan da na saya ya faɗi a sharuɗɗa biyun farko, kuma kantin ba ya karɓar kwalbar da aka buɗe. Binciken CB2 kuwa ina bin sa da fata na gaske, domin motsa shi ba ya sa maye kuma kumburi yana ɗaukar kwanaki, wato akwai ɗan sararin da za a iya kai wa mara lafiya magani. Ranar da aka gwada irin wannan a kan ɗaruruwan masu shanyewar jiki aka ga sun fi tashi da ƙafafunsu, a ɗakinmu za a fara ba da shi, ta allura, da awon likita.